Taku Bakwai Daga Kanya

Ranar da Ma'azu ya matsar da turken Sarkin Ruwa, ko gumi bai yi ba. Girgiza biyu ya yi masa laka ta sake shi, ya saɓa a kafaɗa, ya bi gefen ruwa taku talatin, ya sake kafawa. Ganyen kabar da ke ɗaure a kan turken ko karkacewa bai yi ba. Ya tsuguna ya wanke hannu, ya waiga hagu da dama. Ba kowa sai balbelu biyu, sai kuma Muktar da ke zaune kan babur ɗinsa yana kaɗa makulli.

"To, Yarima, wa yam mutu?" in ji Muktar.

Ma'azu ya miƙe yana yarfe ruwan hannunsa. Yarima tsokana ce tun ta ƙuruciya, don shi ne babban ɗan Manu, Sarkin Ruwan Tungar Dikko.

Tungar Dikko ƙaramin gari ne na masunta a bakin Kwara, cikin ƙasar Bagudo, ba nisa da iyakar Benin. Bayan garin akwai tafki, Maikaba, wanda wata siririyar hanyar ruwa ta haɗa shi da kogi. Wuya ake ce wa hanyar, saboda matsinta. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika, manyan kifaye sukan bi Wuya su shiga tafkin su yi ƙwai cikin ciyawa. Idan ruwa ya fara ja da baya, ƙananan da aka ƙyanƙyashe sai su biyo ta su fita kogi, dubbai a kan dubbai, har ruwan ya riƙa ƙyalli kamar an watsa allurai. A daidai lokacin nan Sarkin Ruwa yake kafa turkensa a bakin Wuya ta wajen kogi, taku bakwai daga gindin wata tsohuwar kanya. Daga turken har ƙarshen tafki ba taru, ba homa, ba ƙugiya, sai bazara ta zo an sa ranar su, wato kamun kifin gayya, an cire turken a gaban jama'a, kowa ya faɗa ruwa.

Shekara biyu ke nan da idanun Manu suka rufe, ƙafafunsa kuma suka fara ƙin ɗaukarsa. Ma'azu ke kafa turken da sunan mahaifinsa.

Muktar kuwa tare suka koyi iyo. Ya tafi Birnin Kebbi ya daɗe, ya dawo da sana'ar kiwon kifi. Ya gina kwamin siminti goma sha biyu a tudun da ke gefen tafkin, ya cika su da tarwaɗa, irin wadda ba ta san ƙoshi ba. Abincinta na buhu ya fara fin ƙarfinsa, shi ya sa ya sa ido a kan Wuya.

"Doka ta ce daga turke zuwa ciki," ya ce wa Ma'azu sati guda kafin ranar. "Ba ta ce komi ba bisa abin da ke waje. Ni ban ce ka karya doka ba, turke nic ce ka gusa da shi kaɗan. Waɗanga 'yan mitsi-mitsi wa ka cin su? Ko mage sai ta yi shawara. Rabinsu ma tsuntsu ka cinyewa kahin su kai tsakiyar gulbi. To da tsuntsu da ni, wa yah hi kusa da kai?"

Ma'azu ya yi dariya a lokacin. Da aka kwana biyu sai ga sabon injin jirgi an jingine a zaurensa, yana ƙamshin fenti. Mutumin da tun yana ɗan shekara goma yake tuƙi da filafili har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, ya tsaya yana shafa injin nan kamar doki.

Taku talatin ɗin da ya yi sun bar wurin da Wuya ta fi matsewa a wajen turke. Washegari ma'aikatan Muktar, baƙi ne daga wani gari, suka zo da gidan sauro da aka ɗinke guda ashirin wuri ɗaya, suka kafa sanduna, suka tare hanyar daga gaɓa zuwa gaɓa. Ko ƙwan kwaɗo ba ya wucewa. Suna kwasa da kwando, suna shanyawa a kan tamfol, in ya bushe a kai inji a niƙa a cura wa tarwaɗa. Waɗanda suka gani suka yi gunaguni, amma turke na can ciki da kabarsa, kuma ɗan Sarkin Ruwa ne ya kafa. Wa zai ce ba da sanin tsoho aka yi ba? Wa kuma zai shiga zauren makaho ya tambaye shi?

Shekarar farko su ya yi kyau, Ma'azu ya saki ransa. Shekara ta biyu aka fito da rabin abin da aka saba, mutane suka ce ruwan bana ne bai cika ba. A shekara ta uku ne matarsa Asama'u, wadda take bandar kifi tun kafin ya aure ta, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka tsura, ta zauna a gefe tana kallonsa.

"Ina kihin?" ya tambaya.

"Ni ma shi nike nema, Malam. Kwana tara ban hura wutar banda ba. Kaji sun hwara ƙwai cikin murhuna." Ta gyara ɗaurin zane. "Jiya na bi ta bayan kwamin Muktar. Ruwan da suka sako kore shar, shina gangarawa Maikaba, warinai har cikin maƙoshi. Kai ba ka ji?"

"Hancina ya toshe."

"Allah shi buɗe shi."

Ya ci loma uku ya wanke hannu.

Akwai wani abu da Sarkin Ruwa yake yi kafin ya sa ranar su. Da sassafe, kafin hayaniya ta tashi, yakan je bakin tafkin ya zauna ya saurara. Bargi, babban kifin nan mai faffaɗan ɓawo, yakan taso sama ya shaƙi iska, ya yi wani ɓulluƙ da ake ji daga nesa. Da yawan ɓulluƙ ɗin nan ake gane abin da ke ƙarƙashin ruwa. Shekarun nan Ma'azu ne yake zuwa ya dawo ya ce, "Baba, tafki na magana." Tsohon ya ce alhamdu lillahi, a sa rana.

A bana ma haka aka yi. An sa Asabar, an aika har ƙetaren iyaka, wurin dangi da abokan arziki. Sai ranar Alhamis, suna fitowa daga sallar asuba, Manu ya riƙe hannun ɗansa bai saki ba.

"Kai ni Maikaba."

"Baba, na riga na saurara."

"Na sani. So nike in ji da kunnena. Abokina Ango na tahe daga ƙetare, ya aiko ya ce in shirya shan kunya, wai tabkinsu ya hi namu. In ban ji ba mi zan hwaɗa mai? Kuma ni dai jikina na ba ni wanga shi na na ƙarshe."

Ma'azu ya ɗauko babur. A ransa ya ce, makaho ne, me zai gani? Zai kai shi can gefen tafki ta hanyar gonakin shinkafa, ya zaunar da shi, ya ce iska ce ta hana ji, su dawo. Amma suna kaiwa mararraba tsohon ya taɓa masa kafaɗa.

"Ba nan ba. Ta kanya. Ubana ta kanya yaka shiga, ni ma ta nan."

A gindin kanyar ya sauke shi. Wuya ta kusa ƙafewa, sai laka mai tsagewa da ɗan ruwa a tsakiya. Manu ya lalubi jikin itacen da tafin hannu kamar mai gaisawa da tsohon aboki, ya juya bayansa gare shi, ya fara taku yana dogara sanda. Ɗaya. Biyu. Ma'azu yana biye da shi. A na bakwai tsohon ya tsaya, ya miƙa hannu gaba.

Hannun ya kama iska.

Ya matsa rabin taku ya sake lalube. Ya zagaya da sandarsa dama da hagu. Sa'an nan ya sauke hannun a hankali.

"Ko ƙahwahuna sun gajarce ne?" ya ce, kamar da kansa yake.

Ya ci gaba. Takwas, tara, goma. Ma'azu yana jin ƙidayar a ƙarƙashin numfashin tsohon, kowace lamba kamar ana ɗora masa dutse a ƙirji. A na goma sha tara wani abu ya sarƙe ƙafar tsohon. Ya sunkuya da ƙyar ya zaro shi daga laka. Yankin gidan sauro ne, wanda ma'aikatan Muktar suka bari da suka kwashe kayansu. Manu ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa a tafin hannunsa. A Tungar Dikko ba a yarda da tarun da yatsu biyu ba sa shiga idonsa ba. Ya gwada yatsu biyu. Ya gwada ɗaya. Ya gwada farcen ƙaramin yatsansa. Ya daɗe yana murza ƙyallen nan.

"Baba..."

"Bari in gama ƙidaya."

A talatin da bakwai sandarsa ta bugi turke. Ya dafa shi, ya shafa kabar da ta bushe a kai. Daga nan ya sa aka kai shi bakin tafki, ya zauna a kan wani kututture, ya karkata kai. Rana ta fara ɗagowa. Kainuwa ta rufe kusan rabin ruwan, sauran kuma kore ne, yana wani tsami-tsami. Kwaɗi suka yi kukansu suka gaji. Wata saniya ta yi kuka can wajen rugar Fulani. Suka zauna har inuwar Ma'azu ta gajarta. Ɓulluƙ ko ɗaya ba su ji ba.

"Shekara nawa?" Manu ya tambaya.

"Uku."

"Uku." Ya gyaɗa kai. "Ɗiyan da sunka hita bana su na uwayen da ka dawowa baɗi. Na zaci na hwaɗa maka wagga magana tun kana ƙarami."

"Ka hwaɗa."

"Mi anka ba ka?"

Ma'azu ya so ya yi ƙarya, harshensa ya ƙi. "Inji."

"Wanda nike jin ƙararsa da sahe? Ina ta sa maka albarka, na ce yaron ga ya yi ƙoƙari." Ya ninke yankin gidan sauron ya sa a aljihu. "Kai ni gida."

Bai ƙara cewa komai ba, ranar nan da washegari. Ma'azu ya yi ta zagaye a ƙofar ɗakinsa yana jiran faɗa, ko zagi, ko a ce ya tara dattawa. Shiru. Abinci ma tsohon ya ci, har ya yaba miyar Asama'u.

Asabar tun da hantsi bakin Maikaba ya cika. Mutanen Kaoje sun zo, na Zagga sun zo, jirage huɗu sun taso daga ƙetare cike da Dendawa da gorunansu da homayensu. Mata sun jera kwanduna da tasoshi a gaɓa. Makaɗa na ta kaɗa ƙwarya. Ango, wani dogon tsoho mai haƙoran goro, wanda suka yi samartaka da Manu a kan ruwa, ya sauko yana ɗaga murya tun daga nesa.

"Ina makahon nan? Ku hwaɗa mai mai gidansa ya iso."

"Wa nike ji kamar tsohon kwaɗo?" in ji Manu. "Ango, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran in ga ka riga ni, in gaji tabkin."

Suka rungume juna suna dariya. Ma'azu yana tsaye a gefe, dariyar ba ta kai masa ko leɓe ba.

Aka yi addu'a. Ma'azu ya cire turken ya ɗaga sama, jama'a suka ruga cikin ruwa da ihu. Minti goma na farko hayaniya ce kawai da fantsama. Daga nan ihun ya fara raguwa. Mutum ya nutsa da homa ya taso, ya duba, ya sake nutsawa. Wani ya fito da kurungu biyu kamar tafin hannu. Wani ya fito da kwaɗo, aka yi 'yar dariya, ba ta daɗe ba. Waɗanda suka kutsa cikin kainuwa suka fito suna susa, ƙafafunsu baƙi ƙirin da wata laka mai wari. Makaɗan suka sassauta, suka bari. Kafin azahar duk abin da mutum ɗari huɗu suka kama bai cika kwando shida ba, kuma ba bargi ko ɗaya a ciki.

Mutane suka taru a gaban Sarkin Ruwa, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Ba wanda ya yi magana da ƙarfi, amma gunagunin ya fi ihu nauyi. Wani daga baya ya ambaci gidan sauro. Wani ya ce turke. Ma'azu ya ji idanu sun fara juyowa wajensa. Ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe, ya ma ja numfashin da zai yi maganar da shi.

Manu ya riga shi. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Laihina ne. Shekara uku da sunka wuce ni nic ce a gusa da turke ciki. Tsuhwa ta sa na ga kamar ba komi. Yaro umurnina yab bi. Wanda zai yi hushi shi yi da ni."

Ango ya matso, ya dubi abokinsa sama da ƙasa.

"Manu, kai? Kai da ko cikin barci anka tashe ka ka san taku bakwai?"

"Ni."

Ango ya juya ya dubi Ma'azu. Kallo ne na mutumin da ya gama lissafinsa. Nan ne wurin da Ma'azu zai ce a'a, ba haka ba ne. Kalma uku ko huɗu sun isa. Ya dubi ƙasa, ya ga yatsun ƙafarsa cikin laka, ya ci gaba da kallonsu har Ango ya tofar da goro ya juya.

"Daga yau Maikaba a ruhe take," Manu ya ƙara da cewa. "Ba su baɗi, ba su baɗi waccan. Sai ran da anka ji bargi."

Jiragen ƙetare suka juya da kwanduna a kife. Ango ko ruwan gidan bai tsaya sha ba. A hanya Ma'azu ya ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, "Ashe tsohon nan haka yake? Shekara arba'in muna ganin girmansa."

Da yamma ya kwance injin daga jirgi, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi wurin Muktar. Ya same shi yana sa ana loda tamfol da sanduna a mota.

"Ga kayanka."

Muktar ya dubi injin ya yi murmushi. "Haba Yarima. Ni mi zan yi da shi? Wuya ta ƙare, bara ma da ƙyar munka cika buhu goma. Na yi magana da wasu can gaba, wajen su akwai sauran ɗiyan kihi." Ya dafa masa kafaɗa. "Riƙe abinka. Yanzu ne ma kake buƙatarsa. Kihi ya yi nisa, hilahili ba ya kai ka."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gaskiya Muktar ya faɗa. Ya tsaya da injin a bayan babur, ya rasa inda zai ajiye shi. Ƙarshe gida ya koma da shi.

Ya shiga ɗakin mahaifinsa ya durƙusa. "Baba, gobe bayan sallah zan tashi cikin masallaci in hwaɗi gaskiya."

"Ba za ka hwaɗa ba."

"Suna zaginka."

"Ni na kusa tahiya, zagi ba ya bin mutum cikin rami. In sunka san kai ne, wa za su ba turken? Muktar?" Ya lalubo aljihu ya fiddo yankin gidan sauron nan, ya damƙa masa. "Dama ta wuce ka ɗazu, gaban Ango. Ta masallaci ba don tabki za ka yi ta ba, don ka samu barci ne. Riƙe wanga. Ka gyara abin da ka iya."

Manu bai ga ƙarshen daminar ba. Ya rasu ruwa na tsakiyar hawa. Jana'izar ba ta cika yadda ta kamata ba, daga ƙetare kuma saƙon ta'aziyya kawai Ango ya aiko. Bayan sadakar arba'in dattawa suka kira Ma'azu suka ba shi sarautar, har ɗaya daga cikinsu yana cewa Allah ya sa ya gyara ɓarnar da tsoho ya yi a ƙarshen rayuwarsa. Ma'azu ya ce amin. Asama'u, da labarin amin ɗin ya kai mata, ta dube shi ta ɗauke kai, ta ci gaba da tankaɗe.

Da ruwa ya fara ja da baya, ya saɓi turke ya tafi shi kaɗai. Ya jingina bayansa da kanya, ya yi taku bakwai, ya kafa, ya danna har sai da tafin hannunsa ya yi ja. Ya tsaya yana duban Wuya. Ƙananan kifi na wucewa, amma jefi-jefi, ana iya bin kowane da ido har ya ɓace. Ya toshe bututun da ke zubo ruwan kwami da buhunan yashi. Ya yi sati uku yana jan kainuwa da hannu, har fatarsa ta saɓule.

Yanzu bazara biyu ke nan. Kullum in an fito sallar asuba yakan bi ta kanya, ya wuce bakin Maikaba, ya zauna a kan kututturen nan. Ya lura in ya rufe ido ya fi ji, don haka yakan rufe. Kwaɗi su yi su gama. Shanu su wuce. Ranar Talatar da ta wuce ya ji wani abu can wajen ciyawa, sau ɗaya, kamar an jefa ƙaramin dutse. Ya buɗe ido da sauri, ruwan ya riga ya kwanta. Ya zauna har rana ta take, bai sake ji ba. Wanda zai iya gaya masa ko bargi ne ko ba shi ba ne yana kwance a maƙabartar bayan gari.

Da ya koma gida Asama'u ta tambaye shi, "Tabki ya yi magana?"

Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ƙyallen nan.

"Ban sani ba," ya ce.